Sarkin da Ya Kashe Ɓarayi Har Ya Gaji

Da zarar an bankaɗo wata sabuwar badaƙala, aka ce wane ya yi sama da faɗi da biliyan kaza, maganar da za ka fara ji a teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo na kiran waya ita ce: "A yi musu irin na Chaina kawai. A harbe biyu-uku a bainar jama'a, ka ga in sauran ba su shiga taitayinsu ba." Ban ga laifin mai faɗin haka ba. Wanda ya kwana da mara lafiya a asibitin da babu ko ruwan ƙari, alhali an ware kuɗin maganin, ba ka isa ka hana shi tsinuwa ba. Kuma gaskiya ne ƙasar Sin tana kashewa. A 2007 ta kashe Zheng Xiaoyu, tsohon shugaban hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 2021 kuma ta kashe Lai Xiaomin, wanda ya shugabanci wani katafaren kamfanin kuɗi na gwamnati. To amma tunda da Sin ake kafa hujja, ya kamata a karanta tarihin nata har ƙarshe. An taɓa yin wani sarki can da ya gwada wannan magani iyakar ƙarfinsa, shekara talatin cur, babu majalisar da za ta taka masa birki, babu lauyan da zai nemi a ɗage zama. Sunansa Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming a 1368, aka fi saninsa da sunan sarautarsa, Hongwu. Abin da na gani a tarihinsa shi ne takobin bai gama da sata ba, ya dai gama da mutanen da za su iya duban sarki su ce masa a'a.

Kafin a yanke masa hukunci, a san inda ya fito. An haife shi a 1328 a wani ƙauye na yankin Fengyang, cikin lardin Anhui na yau, a gidan manoman da ba su da gonar kansu. 'Yan Mongol ke mulkin ƙasar a lokacin, da sunan daular Yuan. A 1344 fari da fara da annoba suka haɗu wa yankin, cikin 'yan makonni uwa da uba da babban wa suka riga mu gidan gaskiya. Filin binne su ma babu, sai da wani maƙwabci ya ji tausayi ya yanka musu ɗan wuri. Yaro ɗan shekara sha shida ya shiga gidan ibadar mabiya Buddha don ya sami abin sawa a bakin salati, bai cika wata biyu ba abinci ya ƙare a can ma, aka miƙa masa ƙoƙo aka ce ya shiga duniya. Shekara uku yana bara gari-gari. A 1352 ya bi 'yan tawayen da ke ɗaura jan ƙyalle a ka, a 1356 ya ci Nanjing, wanda ya zama babban birninsa, a 1363 ya murƙushe babban abokin karawarsa Chen Youliang a yaƙin jiragen ruwa na tafkin Poyang, a farkon 1368 ya hau gado, kafin shekarar ta fita dakarunsa sun kori 'yan Mongol daga birnin da ake kira Beijing a yau. Mu nan a wannan zamanin Yaji ne ke sarautar Kano.

Wannan mutum ba a littafi ya karanta zaluncin mai karɓar haraji ba, a jikinsa ya ji. Duk sharaɗin da masu neman "jarumin shugaba" ke gindayawa ya cika shi: ɗan talakawa ne, soja ne, ba ya almubazzaranci, ba ya hutawa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. A 1397, shekara guda kafin rasuwarsa, aka kawo masa ƙarar surukinsa Ouyang Lun, mijin 'yarsa ta cikinsa, cewa yana fasa-ƙwaurin ganyen shayi zuwa kan iyaka. Bai duba hawayen 'yar ba, ya ba da umarni aka gama da shi. Saboda haka ba za a ce gwajin ya gaza don mai gwajin munafuki ne ba. Da gaske yake.

Kuma ya yi abin kirki, mai yawa ma. Ƙasar da ya gada kufai ce, yaƙi da yunwa sun share garuruwan arewa. Ya ce duk wanda ya share gonar da aka gudu aka bari ya noma, tasa ce, kuma shekara uku ba haraji. Ya kwashe jama'a daga lardin Shanxi mai cunkoso zuwa filayen da babu kowa, wasu da son ransu, wasu da igiya, aka ba su iri da shanun huɗa. Ya tilasta wa manoma shuka auduga da rama da bishiyar da tsutsar siliki ke ci. Rahoton da aka kawo masa a 1395 ya nuna an gina ko an gyara tafkuna da madatsun ruwa fiye da 40,000. Harajin gona na yawancin ƙasar ya sassauta shi ƙwarai, in ban da yankin Suzhou da ya lafta wa kaya.

Babban aikinsa a wurina shi ne ƙidaya. A 1381 ya sa aka rubuta kowane gida a faɗin ƙasar cikin wani kundi mai bangon ruwan ɗorawa: mutum nawa ne a gidan, mece ce sana'arsu, gona nawa, shanu nawa. Kwafi huɗu ake yi, ɗaya a gunduma, ɗaya a yanki, ɗaya a lardi, ɗaya a fada, kuma duk shekara goma a sabunta. Na fadar a kan tsibiran wani tafki da ke bayan ganuwar Nanjing ake ajiye su, inda aka haramta kunna wuta ko fitila kusa da ɗakunan ajiyar. Daga 1387 ya tura ɗaliban makarantar fada karkara da igiyar awo, suka zana taswirar gonaki ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai ita da iyakokinta, har zanen ya yi kama da ɓawon kifi, sunan da ya bi taswirar ke nan. Ya haɗa gidaje 110 su zama unguwa guda, gidaje goma mafi wadata su riƙa karɓa-karɓar shugabanci shekara-shekara, su ne masu tara haraji da tsara aikin tilas. Ƙidayar 1393 ta sami mutum kusan miliyan 60. Mai ƙarfi da ke ɓoye gonarsa da sunan bawansa don talaka ya biya masa haraji, wannan igiyar awon ta fi ba shi tsoro a kan hauni. Mu da ƙidayarmu ta ƙarshe tun 2006, kuma har yau ana jayayya a kanta, ba mu da bakin raina wannan aiki.

Sai kuma abin da zai fi burge mai sauraron rediyo. A 1385 ya fitar da wata takarda da ya kira Babbar Sanarwa, ya bi ta da wasu a shekaru biyu na gaba, cike da labaran jami'an da ya kama da irin azabar da ya gana musu. Ya ce kowane gida ya mallaki kwafi, wanda aka kama da laifi in yana da ita a gida a rage masa mataki ɗaya na hukunci. A ciki ya ba talakawa izinin su kama ma'aikacin ofis da ke zaluntarsu, su ɗaure shi, su kawo shi fada da kansu, kuma duk mai tsaron hanyar da ya tare su shi da iyalinsa sun shiga uku. Wani manomi a gundumar Changshu mai suna Chen Shouliu ya ɗauki maganar da gaske. Shi da 'yan'uwansa suka ɗaure wani akawu da ya addabe su, suka riƙo Sanarwar a hannu har Nanjing. Sarki ya ba shi kuɗi da riguna, ya yafe masa aikin tilas na shekara uku. Wa zai ji wannan bai ce da ma a nan ne ba?

To ga ɗaya fuskar. A 1376 aka yi abin da tarihi ke kira shari'ar hatimi a kan farar takarda, kuma ita nake so mai kiran "a harbe su" ya tsaya ya duba da kyau. Ƙa'ida ita ce duk shekara kowane lardi da yanki ya turo wakili Nanjing da lissafin hatsi da kuɗin da ya tara, a gwada da na ma'aikatar kuɗi. In aka sami bambanci ko na mudu ɗaya ne, an soke takardar, sai a sake wata, kuma sabuwar ba ta da amfani sai da hatimin ofishin da ya turo ta. Hatsi kuwa dole ya ragu a hanya, ga zuba, ga ɓera, ga ruwa. Wani lardin tafiyar watanni ce. Ka taso daga can, a ce maka lissafinka ya saɓa da ɗan kaɗan, ka koma a buga hatimi ka dawo, shekara ta ƙare. Sai ma'aikata suka ɓullo da dabara tun zamanin daular da ta gabata: a buga hatimi a kan fararen takardu a taho da su, in an daidaita lissafi a Nanjing sai a cike a nan. Kowa ya sani, ma'aikatar kuɗi ta sani, babu dokar da ta hana. Sarki ne kaɗai bai sani ba. Ranar da ya ji, abin da ya fi ƙona masa rai shi ne an daɗe ana yin abu a bayan idonsa. Ya ce duk babban jami'in da hatimi ke hannunsa a kashe shi, mataimakansa a yi musu sanda ɗari a tura su kan iyaka.

Wani mai ƙarfin hali, Zheng Shili, ya rubuta masa doguwar wasiƙa. Ya ce ranka ya daɗe, hatimin nan rabi-rabi ake buga shi a tsakanin takardu biyu, ba ya amfanar kowa a wani wuri. An daɗe ana yi. Babu dokar da ta haramta, ta yaya za a kashe mutum da dokar da ba a kafa ba. Kuma jami'in kirki shekaru ake ɗauka kafin a same shi, ba ciyawa ba ne da za a yanke ta sake tsirowa. Ladan da ya samu shi ne ɗaurin aiki mai tsanani. Cikin waɗanda aka kashe har da Fang Keqin, mai mulkin yankin Jining, mutumin da ya yi suna da gudun duniya har talakawansa na yi masa waƙa. Matsalar a nan ta tsarin aiki ce, wadda zama ɗaya da masu lissafi zai warware. Sarkin da ya saba ganin ɓarawo a kowace fuska bai iya bambance dabarar aiki da sata ba, kuma ya riga ya tabbatar babu mai ƙarfin bambance masa.

A 1385 aka zo kan Guo Huan, mataimakin ministan kuɗi, wanda aka zarga da haɗa baki da jami'an larduna wajen wawure hatsin gwamnati buhu miliyan bakwai (awonsu na hatsi ya kai kimanin lita 100, mu kira shi buhu). Mai yiwuwa a nan akwai satar gaske. Amma da aka shiga duka, kowa na kiran sunan wani don ya huta, sai wuta ta ci dubun-dubatar mutane, daga mataimakan ministoci zuwa ƙasa. Da aka ce a dawo da kayan sata, jami'an da aka matsa wa suka ce a gidan wane da wane suka ajiye, aka bi masu matsakaicin hali na karkara aka talauta su. Da ƙorafi ya yi yawa, sarki ya kama alƙalin da ya yi masa shari'ar, Wu Yong, ya kashe shi don jama'a su huce.

Shin satar ta tsaya? Shi da kansa ya ba da amsa. A cikin Sanarwar tasa ya koka cewa ba a gama ɗauke gawar wanda aka kashe a kasuwa ba sai ga wani an kawo da laifi irin nasa. Ya rasa gane dalili, sai ya ɗora abin a kan muguntar zuciyar mutane da ɓarnar da mulkin 'yan Mongol ya bari. Aikin gwamnati ya zama abin gudu. An ruwaito cewa jami'an fada kan yi sallama da iyalinsu da asuba kamar ba za su dawo ba, in sun dawo da yamma a yi barka. Ma'aikata suka yi ƙaranci har ana barin wanda aka yanke wa hukunci ya ci gaba da zama a ofis da mari a ƙafa. Wani malami a Guixi, Xia Boqi, shi da ɗan ɗan'uwansa suka yanke manyan yatsunsu don kada a ba su muƙami. Aka kamo su aka kashe, sarki ya kafa dokar cewa ƙin yi masa aiki ma laifi ne na kisa.

Dalilin da ya kasa ganowa yana cikin takardar albashin da shi ya sa wa hannu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hakimin gunduma, wanda shi ne alƙali, shi ne mai tara haraji, shi ne mai kula da tsaro, albashinsa buhun shinkafa 90 ne a shekara. A ido kamar ya isa ci da iyali. Amma a ciki zai biya magatakardan da ke taya shi aiki, ya sauki baƙin gwamnati masu wucewa, ya yi guzurin zuwa fada. Sannan ba duka ake ba shi a shinkafa ba, wani kaso da takardar kuɗi ake biya, musamman a zamanin magadansa. Takardar nan Hongwu ne ya fito da ita a 1375, ya ce guda ɗaya daidai take da kwabo 1,000, ya yi ta bugawa babu azurfar da ke tsaya mata a taska. Kafin ya mutu, a wasu lardunan kudu ta faɗi zuwa kwabo 160. Tarihin daular da aka rubuta a hukumance bayan faɗuwarta ya faɗi ƙarara cewa ba a taɓa yin albashi mai ƙanƙanta irin wannan ba. Sai aka sami "kuɗin al'ada": ɗan ƙari a kan mudun haraji, ɗan ihsani ga na sama, ɗan na goro ga mai kai takarda. Ba ya cikin doka, amma in babu shi ofis ba ya buɗewa. Ma'ana kowane jami'i mai laifi ne tun ranar da ya kama aiki, saura kawai a ga wanda za a zaɓa a kama. A irin wannan yanayi mai gaskiya da ɓarawo haɗarinsu ɗaya, kuma ɓarawon ya fi shi kuɗin sayen kariya.

'Ya'yansa fa? Maza ashirin da shida ya haifa. Ya naɗa su sarakunan yankuna, ya ba na kan iyaka dakaru, ya yanka wa kowane ɗa buhu 50,000 a shekara, a 1395 ya rage zuwa 10,000. Hakimi 90, ɗan sarki 10,000, kuma zuriyarsu duka a kan baitulmali har abada. A 1562 wani jami'in bincike mai suna Lin Run ya yi lissafi ya kai wa sarkin lokacin: hatsin da ake kaiwa babban birni a shekara buhu miliyan huɗu ne, abin da dangin sarki ke bin gwamnati ya haura miliyan takwas da rabi. Wannan ba a kira shi sata ba, domin doka ce ta ba su. Tun 1376 wani ƙaramin malamin makaranta, Ye Boju, ya rubuto ya ce abu uku ke damun ƙasa: an ba 'ya'yan sarki ƙarfi fiye da kima, hukunci ya yi yawa, kuma ana gaggawar gyara. Hongwu ya fusata ya ce yana neman raba shi da jininsa. A kurkuku malamin ya mutu. Shekara guda bayan rasuwar sarkin, ɗansa Zhu Di mai riƙe da arewa ya ɗaga tuta, a 1402 ya shiga Nanjing ya ƙwace gadon daga hannun jikan da aka bar wa. Manyan janar-janar da za su tare shi kuwa tsohon ya riga ya share mafi yawansu: a 1393 kaɗai, shari'ar Janar Lan Yu ta ci mutum wajen 15,000.

Mafi tsadar abin da ya yi ba a filin kisa ya yi shi ba. A 1380 ya zargi wazirinsa Hu Weiyong da shirya juyin mulki, ya kashe shi, aka yi ta jan zaren shari'ar shekara goma har ta ci mutum kusan 30,000, ciki har da Li Shanchang, dattijon da ya tsaya masa tun yana ɗan tawaye. Daga nan ya soke kujerar waziri ɗungurungum, kujerar da ta haura shekara 1,500 a tsarin mulkin Sin. Ma'aikatu shida suka koma kai rahoto gare shi kai tsaye. Ya rubuta cikin wasiyyar da ya bar wa zuriyarsa cewa duk wanda ya kawo shawarar a maido da waziri a yi masa yankan gunduwa-gunduwa. Mu kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, shi ma da haka ya yarda, sai ya ga maganin shi ne a kawar da bafaden. An ƙirga takardun da suka shigo masa cikin kwana takwas a 1384: sun haura dubu, batutuwan da ke ciki sun haura 3,000. Ya karanta, don shi ba ya gajiya. (Akwai wani jami'i, Ru Taisu, da ya rubuto masa wasiƙa mai harufa 17,000. Sarki ya gaji da saurare ya sa aka yi masa bulala, washegari ya sa aka ƙarasa karanta masa, ya tarar da shawarwari biyar a can ƙarshe, huɗu masu amfani. A wannan kam ina bayan sarki rabi.)

Sai dai gado ba ya zaɓen mai ƙwazo. Injin da aka ƙera don mutum ɗaya mai aikin mutum ɗari ya faɗa hannun yara da malalata. Aikin da sarki ba zai yi ba dole wani ya yi, kuma tunda an hana waziri mai suna da ofis wanda za a iya tuhuma, sai ya koma hannun waɗanda ke kusa da ɗakin barcin sarki. Hongwu ya kafa allon ƙarfe a fada cewa babanni, wato bayin fada da aka dandaƙe, kada su sa baki a mulki. Ba a yi shekara hamsin da mutuwarsa ba wani baban fada, Wang Zhen, ya sa aka cire allon, a 1449 kuma ya ja saurayin sarki zuwa yaƙin da 'yan Mongol suka kama shi da ransa a Tumu. Bayansa aka yi Liu Jin, aka yi Wei Zhongxian, waɗanda satarsu ta sa ta Guo Huan ta zama wasan yara. Dogaran asiri masu rigar alharini da Hongwu ya kafa a 1382, da kurkukunsu da kayan azabarsu, shi da kansa ya ga ɓarnarsu ya ƙona kayan azabar a 1387. Ɗansa ya dawo da su, a 1420 ya ƙara wata hukumar leƙen asiri a hannun babanni. Makamin da aka ƙera don ɓarayi ya ƙare a hannun manyan ɓarayi, suna farautar masu tona musu asiri. A zamanin Hongwu kansa, birki ɗaya da ya rage shi ne matarsa, Sarauniya Ma. Ita ce ta ƙi cin nama ta ƙi shan giya a gabansa har ya fasa kashe Song Lian, malamin ɗansu. Ta rasu a 1382, kuma shari'ar Guo Huan da ta Li Shanchang da ta Lan Yu duk bayan ta aka yi su.

Za a ce mini daular ta yi shekara 276, har 1644, kuma marubuta tarihinta sun ce an sami tsabtar aiki na wani dogon lokaci bayansa. Na yarda tsoro yana aiki, na ɗan lokaci, a kan wanda ke da zaɓi. Amma abin da ya riƙe daular, a ganina, gonakin da aka farfaɗo da su ne, da harajin da bai karya manomi ba, da kundin da ya sa gwamnati ta san abin da take da shi, da jarrabawar ɗaukar ma'aikata da aka dawo da ita a 1384 bayan shi da kansa ya dakatar da ita shekara goma sha ɗaya. Duk waɗannan ana iya yinsu ba tare da an kashe Fang Keqin ba. Kuma lokacin da Sinawa suka fi yabo a farkon daular shi ne na jikokinsa na bayan 1424, da aka sassauta hukunci aka bar manyan malamai suna ba da shawara ba tare da sun yi wasiyya da safe ba.

Mu ma mun ɗanɗana kaɗan. A 1975 gwamnatin Janar Murtala, mutumin da har yau ake ƙauna kuma ba a shakkar niyyarsa, ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa a rediyo suka ji, ba tare da an saurari ta bakinsu ba. Akwai ɓarayi a ciki, akwai waɗanda gaba ce ta ci su. Tsofaffin ma'aikata da dama na ganin tun daga ranar ne na bayansu suka koyi cewa kujera ba ta da tabbas, gara ka tanadi na gobe tun kana kai. A Ghana, a watan Yunin 1979, sojojin Rawlings sun harbe manyan hafsoshi takwas, uku daga ciki tsofaffin shugabannin ƙasa. Ka tambayi 'yan'uwanmu na zangon Kumasi ko daga ranar aka daina jin labarin cin hanci. Tambayar da nake yi wa mai cewa a harbe ita ce: wa zai rubuta jerin sunayen? Wane ɗan sanda ne zai yi binciken, wane alƙali ne zai yanke? In ka amince da su har ka ba su ran mutum, to ai ɗaurin shekara ashirin da ƙwace dukiya ma za su iya, kuma da sun iya da ba mu kai nan ba. In ba ka amince da su ba, ka san wanda za a fara harbewa: akawun da ya ƙi sa hannu, ko ɗan adawar da ya cika surutu.

Kiran a dawo da takobi ma ba sabo ba ne a Sin. Kusan shekara ɗari biyu bayan Hongwu aka yi wani jami'i, Hai Rui, da ya rantse zai rayu da albashinsa kaɗai. Yana hakimin gundumar Chun'an, a bayan ofis ake noma masa ganyen miya. Ranar da ya sayi nama kimanin kilo guda don bikin zagayowar haihuwar mahaifiyarsa, abin ya zama labari har babban gwamnan yankin na ba wa mutane. Da ya tsufa ya rubuta wa Sarki Wanli cewa maganin ɓarnar zamani shi ne a koma dokar kakan kakanni: wanda ya ci hancin da ya kai ƙima 80 na kuɗin lokacin ya karkatar da shari'a a shaƙe shi, a kuma dawo da feɗe fatar ɓarayi a cusa ciyawa. Fada ta yi masa ca, sarki ya yaba gaskiyarsa ya ajiye takardar. Da ya mutu a Nanjing a 1587, yana babban jami'in bincike, sai da abokan aiki suka yi karo-karo aka yi masa sutura. Ni abin da na gani a rayuwarsa hujja ce a kan tsarin da yake neman a dawo da shi: in mutum ɗaya tak da ya bi dokar albashi sau da ƙafa ya zama abin kallo a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari, to dokar ce ke da magana.

Kundin nan mai ruwan ɗorawa an ci gaba da kai shi tsibiran tafki duk shekara goma, har ɗakunan ajiya suka kai ɗaruruwa. Sai dai tun da daɗewa akawuna suka koma kwafe tsohon lissafi, ana samun mutane masu shekara fiye da ɗari birjik a rubuce suna biyan haraji, masu ƙarfi kuma gonakinsu sun ɓace daga takarda. Da daular Qing ta karɓi mulki, jami'anta suka buɗe ɗakunan, suka tarar wasu gundumomi sun riga sun cike kundinsu har na shekarar 1651, da sunaye da alƙaluma da komai, shekara bakwai bayan sarkin Ming na ƙarshe a Beijing ya rataye kansa.